Amsar tambaya: wane kaya zan ɗauka daga Kaduna in zan koma Ingila da zama?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga saƙonki, kin ce biza ta fito zaki bi mijinki Manchester a watan Oktoba, tikitinki akwati biyu ne kowanne kilo 23, su Mama da gwaggo kuma sun tara miki kaya har sun cika ɗaki tun daga sabulun wanka da omo da man goge baki zuwa tukwane da gero, kin rasa wanda zaki ɗauka da wanda zaki bari, kina tsoron ki je can ki nemi abinda kika saba dashi ki rasa. Toh Allah ya sanya alheri ya kaiki lafiya. Na zauna a Ingila, yanzu kuma sana'ata ce haɗa wa mutanenmu kaya daga nan Kaduna ana kai musu, dan haka abinda nake gani kullum ne zan faɗa miki.

Kilo 46 ba wani abu bane, kafin ki ankara ya cika. Abinda nake gaya wa kowa shi ne duk abinda kamfani ya yi ya zuba a kwalba ko leda mai tambari, barshi a gida ki ba ƙannenki. Wanda hannun mutanenmu ya yi, ko wanda sai mai irin rayuwarmu ne yake nemansa, shi ne yake da hakkin shiga akwatinki.

Dalili kuwa, yawancin kayan da muke saya a Kasuwar Gumi asalinsu ma na can ne. PZ Cussons masu Imperial Leather da Robb da Morning Fresh hedkwatarsu a Manchester ɗin da zaki je take. Dettol na Ingila ne. Vaseline, Dove, Nivea, Colgate, Sensodyne, Always, Pampers, duk suna jere a Tesco da Asda da Boots, kuma in kika shiga Savers ko Home Bargains ko B&M ko Poundland zaki samu da yawansu a fam ɗaya zuwa biyu. Omo ma yana nan, sai dai kamfaninsa na Unilever da sunan Persil yake sayar dashi a can. Kar ma ki ɗauki omon gida ko kaɗan, namu an yi shi ne dan wankin hannu shi yasa yake kumfa sosai, in kika zuba shi a injin wanki irin nasu mai ƙofa a gaba kumfa zai cika shi ya ƙi ɗaurayewa, wani lokacin har ya tsiyayo ƙasa. Audugar mata ma kar ta cinye miki waje, tun 1 ga Janairun 2021 suka cire mata haraji, iri-iri ce kuma na Aldi da Lidl masu arha suna da kyau. Ki ɗauki dai na sati biyun farko kawai, sabulu ɗaya, man goge baki ɗaya, fakitin audugar da jikinki ya saba da ita, dan kar ki sauka da gajiya ki fara yawon shago baki san gari ba.

Yanzu ga wanda nafi so ki saurara da kyau, banɗaki. Nan ne sabbin zuwa suke fi shan wahala kuma babu mai gaya musu saboda kunya. Banɗakin Bature ba a gina shi dan a zubar da ruwa a ƙasa ba. Babu magudanar ruwa a daɓen, a gidaje da yawa katako ne a ƙarƙashi aka shimfiɗa leda ko tayil a kai, wasu tsofaffin gidajen har kafet zaki tarar a ciki, kuma babu ɗan famfon tsarkin nan na gefen masai da ake samu a Saudiyya da Dubai da Malesiya, takarda ce kawai a rataye. Dan haka buta ki saka a akwati, biyu ma, ɗaya ta banɗaki ɗaya ta alwala, ba ta da nauyi kuma zaki iya cusa safa da ƙananan kaya a cikinta. Ana samun irinta a shagunan ƴan Pakistan, su lota suke ce mata, in zaki tambaya da wannan sunan zaki tambaya, amma ranar da kika sauka cikin dare kina buƙatarta tun kafin ki san hanyar shago. Ki nemi kuma ƙaramar roba mai matsewa da zata shiga jakar hannunki saboda fita asibiti ko kasuwa. Wanka in da bokiti kika saba babu laifi, ki saka bokitin a cikin bahon wankan ki tsaya a ciki ki ja labulen ta ciki, alwala ma ƙafa a cikin baho ake wanketa ba a ƙasa ba. Na san gidan da ruwan alwala da na wanka ya dinga bi ta ƙarƙashin leda a hankali wata da watanni har silin ɗin maƙwabcin ƙasa ya jiƙe ya fara zuba, kuɗin jinginar da suka ajiye wa mai gidan haya gaba ɗaya ya tafi gyara, ga ɓacin rai da maƙwabta. Kuma kar ki jefa wayif ko auduga a masai ko da an rubuta a jiki wai ana iya jefawa, bututunsu yana toshewa, kuɗin mai gyara a can ba wasa bane.

Soson wanka na raga, dogon nan da ake kama baki biyu a cuɗa baya, ki saya guda shida ko fi a Kasuwar Barci, ba ya da nauyi kuma a can in kin samu a shagon ƴan Afirka kuɗin ɗaya zai saya miki da yawa a nan. Dutsen goge kaushi ɗaya. Sabulun salo mai kyau wanda kika san mai yinsa, ki yanka shi gunduwa-gunduwa ki naɗe a leda biyu dan yana jan danshi ya narke.

Sai turare, kuma na san shi ne ya fi tsaya miki a rai tunda amarya ce ke. Turaren wuta, humra, kulacca, turaren tsuguno, ki ɗauka kam, ki ɗauki mai yawa, wannan ba zaki samu irin haɗin ƴan Maiduguri a shago ba, na Larabawa da na Somaliya da ake sayarwa a can ƙamshinsa daban ne. Humra ruwa ce dan haka ba zata shiga jakar hannu ba in kwalbar ta wuce mil 100, a babban akwati zaki saka, ki buɗe murfin ki ɗora ƴar leda a bakin ki mayar ki ɗaure da salatif ki cusa cikin safa, ki saka a tsakiyar kaya nesa da abinci, dan humra in ta zube a kan garin kuka an yi asarar duka biyun. Gawayi kuma ko ƙwaya ɗaya kar ki saka, musamman mai kamawa da wuri ɗin nan, kayan da ke iya kama wuta ne jirgi ba ya yarda dashi.

Matsalar ita ce yadda zaki kunna shi a can. Tun 2015 doka ta wajabta wa masu gidajen haya a Ingila su saka na'urar jin hayaƙi a kowane bene, a dogayen gine-gine kuma wani lokacin in ta ɗaki ɗaya ta yi ƙara duk ginin ne yake ɗauka, mutane su fito waje cikin sanyi. Abinda wasu ƴan uwanmu ke yi shi ne su ɗaure na'urar da leda ko safa ko su cire mata batir, dan girman Allah ƙanwata kar ki taɓa yi, wannan na'urar ce zata tashe ku in wuta ta kama kuna barci. Haka kunna garwashi a kasko a ɗakin da tagogi suke rufe ruf saboda sanyi, gawayi yana fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri take fara sawa mutum ya ɗauka gajiya ce ya kwanta. Gidajenmu na nan iska tana shiga ta ko'ina shi yasa muke tsira, nasu kuwa a toshe suke kamar kula. Ki sayi bona, wato kaskon turare na lantarki, ko a nan ko a shagunan Musulunci na can, ki ɗora turare ɗan kaɗan, ki rufe ƙofar ɗakin da ke kallon inda na'urar take, ki ɗan buɗe taga. Kaya kuma in kina so su kama ƙamshi ki turara su a haka ki ninke ki saka a durowa. Ki duba takardar hayar gidan ma, wasu sun hana kunna kyandir da turare gaba ɗaya, in haka ne humra da turaren fesawa na labule zasu rufa miki asiri.

Fatar jiki. Oktoba zaki sauka, sanyi ya fara, hita tana kunne dare da rana tana busar da iskar ɗaki, fatarki zata yi fari ta dinga ƙaiƙayi fiye da yadda hunturun Kaduna yake yi mata, leɓe ya tsage. Man kaɗanya na asali ki ɗauki kamar kilo biyu, shi ne abinda ba zaki yi nadamar nauyinsa ba, ki shafa jiki da sauran danshi bayan wanka. A sanyi yana daskarewa ya yi tauri, sai ki narkar dashi ki haɗa da man zaitun ko na kwakwa ya yi laushi, su kuma waɗannan biyun suna da arha a can ba sai kin ɗauka ba. Ke kin ma yi sa'a ruwan Manchester daga tafkunan arewacin ƙasar yake zuwa, mai laushi ne, na Landan ne mai farar ƙasa da ke hana sabulu kumfa ya bar fari-fari a butar shayi ya busar da gashi. Ga kuma rashin rana, a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, hukumar lafiyarsu NHS tana ba masu baƙar fata da masu rufe jiki shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum duk shekara, mu kuwa duka biyun ne. A kowane kemis da babban shago ana sayarwa, ki duba bayan kwalba dai dan wasu ƙwayoyin masu santsi da jelatin ake yin ɓawonsu kuma yana iya zama na alade, wanda aka rubuta wa vegetarian ko halal zaki zaɓa.

Mayukan bilicin kuma in suna cikin kayan lefe ki barsu. Wanda ke da hydroquinone ko mercury haramun ne sayar dashi a matsayin man shafawa a Ingila, kuma ni ko ba doka ba ma bana son ganinsa a jikin kowace ƴa. Kwalli ma ki yi hattara, wani irin na dutse yana da dalma sosai, irin gubar da ta hallaka yara a Zamfara a 2010, a 2011 ma an samu jariri a Boston ta Amurka da gubar a jininsa saboda kwallin da aka kai daga Najeriya ana saka masa. In Allah ya kawo rabo kar kowa ya saka wa jaririnki shi.

Gashi: kibiyar tsifa, babban mataji, man gashin da kanki ya saba dashi na haɗin gida, hular barci. Ki yi kitso ƙanana mai daɗewa kwana biyu kafin tafiya, dan kitso a can tsada ne kuma sai kin nemi mai yi. Lalle da kurkum da sukarin halawa shagon Indiya ya ishe ki, garin dilka ne kawai zaki ɗauka in kina yi. Asuwaki akwai a duk shagon Musulunci. Ɗinki kuma ki gama shi a nan, atamfa da leshi da dogayen riguna da hijabai, tela a can kuɗin ɗinkin ya fi kuɗin yadin, ki saka zare da allura da ƴan maɓallai a jaka. Rigar sanyi ɗaya mai kauri ta gwanjo daga Kasuwar Barci ta isa ki sauka da ita a jikinki ba a akwati ba, sauran ki saya can a Primark ko shagunan kayan sadaka dan nasu an yi su ne da sanin ruwan sama da iskar garin.

Kicin. Muciya ki ɗauka, babba da ƙarama, cokalin katakonsu siriri ne karyewa yake a tuwo. Maburgi, rariya mai laushi, gwangwanin alala, ludayin koko in kina so. Tukwanen Panteka kuwa ki barsu, suna da nauyi, kuma gidaje da yawa murhun lantarki ne mai shimfiɗaɗɗen gilashi wanda tukunya mai zagayayyen gindi ba ta zama a kai, in ma irin mai maganaɗisu ne da ake kira induction tukunyar alminiyam ko ɗumi ba zata yi ba. Tandar waina ma haka, kafin ki ɗauka ki san irin murhun, in bai dace ba ƴan Indiya suna da kasko mai ramuka da suke kira appam ko paniyaram, ramukan sun ɗan fi namu ƙanƙanta amma waina tana fita da kyau. Kayan wuta irin su blenda da ayan na guga zasu yi aiki tunda soket ɗinmu mai baki uku da ƙarfin wutar volt 230 iri ɗaya ne da na Ingila, amma nauyi ne na banza, Argos da Asda suna dasu. Wanda zai je Amurka ko Kanada ne ma ya kamata ya sani tasu volt 120 ce da soket daban, namu ba zai yi ba. Zanin gado kar ki wahala, namu na katifa 6 da 6 ne, gadon mutum biyu a can faɗinsa santimita 135 tsawo 190, ba zai zauna ba. Bargon da suke kira duvet ki saya a can, za ki ga lamba a jiki, 4.5 na lokacin zafi ne, 13.5 na tsakiyar sanyi, 10.5 tsaka-tsaki. Tsintsiya ma ki barta, ɗakunan kafet ne, sai injin shara. Dardumar sallarki ɗaya dai ki tafi da ita.

Baki tambayi abinci ba sosai amma tunda kin ambaci gero bari in taɓa. Shagunan ƴan Indiya da Pakistan a unguwannin Longsight da Cheetham Hill da Rusholme na Manchester zasu baki mamaki, garin gero bajra suke ce masa, na dawa jowar, tsamiya imli, ga kuɓewa ɗanya, citta, kanumfari, garin shinkafa, ga nama halal. Zoɓo ƴan Karibiyan sorrel suke kira, Larabawa karkade. Manja da garin rogo da doya da Maggi da Indomie suna shagunan ƴan Afirka na titin Moston Lane. Abinda zaki ɗauka shi ne kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, karkashi, yajin da aka daka miki a gida, kanwa kaɗan, kimba da masoro. Komai busasshe, niƙaƙƙe, a leda mai liƙewa, ki rubuta sunansa da Turanci a jiki saboda in jami'i ya buɗe ya ga farin gari ko koren gari babu suna zaki daɗe a tsaye kina bayani. Daddawa leda uku sannan roba mai murfi, in ba haka ba duk hijabanki zasu ɗauka.

Nama da duk abinda aka yi da madara haramun ne shiga dasu Ingila daga Najeriya. Kilishi, dambun nama, soyayyen nama, man shanu, cuku, har madarar gari ta gwangwani. Na san Mama zata ce ai wance ta wuce da kilishi ba a kama ta ba, gaskiya ne wasu suna wucewa, amma in aka samu za a ƙwace a lalata kuma ana iya cin tararki, ke kuma zuwanki na farko kenan kan bizar aure, bai kamata sunanki ya fara shiga takarda da wannan ba. Busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma har kilo 2. Ɗanyen ganye da ɗanyun kayan lambu da iri na shukawa ki barsu. Mijinki ya buɗe shafin gwamnatinsu na gov.uk ya sake dubawa ana saura sati ki tashi, dan suna canza dokar lokaci-lokaci.

Magani: Robb ko Aboniki ɗaya-biyu babu laifi. Farasitamol yana ko'ina, ƙwaya 16 a fakiti a manyan shaguna kuma ba a sayar wa mutum fiye da fakiti biyu a lokaci ɗaya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksil ba a sayarwa sai da takardar likita, kar ki ce zaki kwaso kwali guda daga nan. In akwai wanda kike sha kullum ki tafi dashi a kwalinsa na asali da takardar likitanki mai sunanki, tramadol da kodin kuwa ko kusa. Ki yi rajista da likitan unguwa da suke kira GP a satin farko, kuma in zazzaɓi ya kamaki ko bayan watanni ne da sauka ki faɗa musu da bakinki daga Najeriya kika zo a gwada maleriya, su ba ita ce take fara zuwa musu a rai ba.

Saƙo kuma zai zo, da an ji zaki tafi kowa yana da ɗa ko ƙanwa a can. Duk wanda ya kawo ki buɗe a gabansa ki gani da idonki ki sake ɗaurewa da hannunki, ko waye shi, wanda ya ce kar a buɗe ki mayar masa da abinsa cikin mutunci. A filin jirgin Abuja jami'an NDLEA da kwastan suna buɗe kaya, kuma duk abinda ke cikin akwatin da aka manna wa sunanki naki ne a idon doka, nan da can. Wani baƙo in ya ce ki riƙe masa jaka ko ki haɗa da taki tunda nasa kilon ya wuce, ki ce a'a kawai.

Kafin ki je kasuwa ki sa mijinki ya ɗauko miki hoton banɗakin da murhun da gadon da cikin durowar kicin, da yawa daga abinda kike shirin saya ƙila yana dashi. Ki ari sikeli ki auna akwatunan a gida kowanne ya tsaya a kilo 22 dan sikelin filin jirgi ba ya zama daidai da na gida, kuma in ta jirgin ƙasa na Rigasa zaki bi zuwa Abuja ki tafi ana gobe tashinki, ba ranar ba. Sauran kayan da suka rage, kuka da daddawa da turare na ƙari, a ajiye miki su a wajen Mama a busasshen wuri, in kin zauna wata biyu kin ga abinda kike nema da gaske sai a aiko miki ta kago.